Fashin baƙi: shin burauzar rubutu zalla ce ta fi dacewa da makaho?

Duk lokacin da mai larurar gani ya mallaki kwamfuta, tambaya biyu ce ke fara tasowa: da wace manhaja zai shiga intanet, da wace kuma zai karanta imel? Sau da yawa kafin mai kwamfutar ya buɗe baki, wani mai ido ya riga ya yanke hukunci: tunda ba ya ganin hoto, a ɗora masa burauzar da ba ta nuna komai sai rubutu. Da jin maganar sai ka ce ta hau, don kuwa me makaho zai yi da launi da hoto da bidiyon talla? Amma idan ka bibiyi makafin da suka daɗe suna aiki da kwamfuta, za ka tarar mafi yawansu Chrome ko Firefox ko Edge suke buɗewa, irin wadda kowa ke buɗewa. Kaɗan ne suka riƙe burauzar rubutu zalla, kuma su ma suna da hujjojinsu masu ƙarfi.

Maganar ta sake tasowa a 'yan shekarun nan. A farkon 2024 Google ya rufe sassauƙan shafin Gmail, wanda makafi da yawa suka saba da shi saboda ba shi da tarkace. A watan Janairun 2025 kuma kamfanin ya fara neman lallai sai burauza tana sarrafa JavaScript, wato umarnin da shafi ke turo wa burauza ta aiwatar, kafin ta yi bincike a shafinsa, lamarin da ya bar tsofaffin burauzojin rubutu a bakin ƙofa. To shin zamaninsu ne ya wuce, ko har yanzu akwai inda suka fi? Kuma hukuncin da ya hau kan burauza, shi ne ya hau kan manhajar imel?

Da me makaho ke karanta allo?

Ba burauza makaho ke saurare kai tsaye ba. Akwai wata manhaja a tsakani, mai karanta allo, ita ce ke ɗauko abin da ke kan allo ta furta shi da murya, ko ta tura shi zuwa na'urar Braille, wato siririn allon nan mai ƙananan ƙusoshi da ke tasowa suna nutsewa, mutum yana bin su da yatsa. Na'urorin sun bambanta a tsawo: akwai mai gurbin harafi 14, akwai mai 40, akwai mai 80.

A Windows, manya biyu su ne JAWS, wadda ta kuɗi ce kuma ta fito wa Windows tun 1995, da NVDA, wadda Michael Curran, wani makaho ɗan Ostireliya, ya fara a 2006 kuma ake raba ta kyauta. Kayan Apple suna zuwa da VoiceOver a ciki, a Mac tun 2005, a iPhone tun 2009. Android na da TalkBack. Linux kuwa gida biyu ne. Akwai ɓangaren tagogi da gumaka, inda Orca ke karatu. Akwai kuma baƙin allo, inda babu komai sai haruffa da umarnin da ka rubuta, a nan ne Speakup da Fenrir ke magana, BRLTTY kuma ke kula da na'urar Braille. Burauzojin rubutu zalla a wannan baƙin allon suke zaune.

Bambancin gidajen nan biyu shi ne ginshiƙin duk maganar. Mai karanta baƙin allo haruffa kawai yake gani a jere, a al'ada harafi 80 a kowane layi. Bai san cewa wannan layin kan magana ne ba, bai san wancan maɓalli ne ba. Abin da aka zana masa shi yake faɗa. NVDA da JAWS da Orca kuwa ba zanen allo suke kallo ba, burauzar suke tambaya. Ita kuma ta riga ta tsara musu bayanin kowane abu da ke shafin: sunansa, matsayinsa, da halin da yake ciki. Shi ya sa za ka ji muryar ta ce wannan akwatin zaɓi ne kuma ba a zaɓe shi ba, ko wannan kan magana ne mataki na biyu, ko ga teburi mai layi goma da ginshiƙi huɗu.

Su wane ne burauzojin rubutu zalla?

Kakarsu ita ce Lynx, wadda aka fara a Jami'ar Kansas da ke Amurka a 1992, kuma har yau ana gyara ta ana sabunta ta, Thomas Dickey ne ke riƙe da ita. Sai w3m, wadda Akinori Ito ya rubuta a Japan a 1995. Sai Links ta Mikuláš Patočka daga ƙasar Czech, a 1999, da ELinks wadda ta ɓalle daga jikinta ta ƙara wasu abubuwa. Dukkansu kyauta ne, dukkansu da madannai kawai ake tuƙa su, ba sai da linzami ba.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin huɗun nan da aka ƙera don makafi. An yi su ne don masu ido da ke aiki a baƙin allo, a zamanin da layin intanet ke tafiyar hawainiya. Makafi sun same su ne suka ga suna da amfani, suka rungume su, musamman a shekarun 1990 lokacin da karanta Windows da murya bai gama nuna ba. Wannan tarihin ne ya haifi tunanin cewa burauzar rubutu ita ce ta makafi, kuma a wancan lokacin tunanin yana da gaskiya.

Inda lissafin masu ido ya kauce

Abin da makaho ke buƙata a shafi ya wuce a cire masa hoto. Yana buƙatar hanyar tsallake. Mai ido idan ya buɗe shafin jarida, cikin daƙiƙa ɗaya idonsa ya ƙetare jerin sassan jaridar da tallace-tallace, ya dira kan labarin da ya zo nema. Kunne ba ya iya haka, sai ya bi kalma bayan kalma. Saboda haka duk abin da zai ba shi damar yin tsalle, shi ne ke tsaya masa a matsayin ido. A NVDA ko JAWS, danna harafin H kawai zai kai ka kan magana na gaba, T ya kai ka teburi, B ya kai ka maɓalli, F ya kai ka gurbin cike fom. Wanda ya ƙware zai ratsa dogon shafi da dannawa biyar ko shida.

Lynx ba ta ba da wannan. Tana ɗaukar shafin ta shimfiɗe shi ya zama rubutu, kan magana ya zama layi kamar sauran layuka, sai dai ɗan bambancin launi ko matsawa gefe, abubuwan da kunne ba ya ji. Za ka iya tsalle daga mahaɗi zuwa mahaɗi, wato wuraren da ake dannawa su kai ka wani shafi, za ka iya neman kalma, amma tsarin da marubucin shafin ya gina ya riga ya narke a hanya. Wato burauzar da ake ganin ta sauƙaƙa wa makaho, ta jefar da wani ɓangare na bayanin da ya fi kowa buƙata.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma, ita ce JavaScript. A shekarun farko shafin intanet takarda ce: saba, wato kwamfutar da shafin ke ajiye a cikinta, ta turo rubutu, burauza ta nuna. Yanzu shafuka da yawa manhajoji ne. Abin da saba ke turowa ƙwarangwal ne kawai, tare da umarnin da burauzar za ta sarrafa kafin rubutun ya bayyana. Lynx da w3m ba sa sarrafa wannan umarni ko kaɗan, ELinks tana ɗan taɓawa amma ba ta kai ko'ina ba. Sakamakon shi ne ka buɗe shafin banki ko na sayen tikitin jirgi ko na cike takardar neman aiki, ka tarar da fili fayau, ko layi ɗaya da ke cewa ka kunna JavaScript. Ga kuma shingen tantancewar nan da ke son tabbatar da cewa kai mutum ne ba na'ura ba, wanda galibinsa ba ya wucewa sai da cikakkiyar burauza.

Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. Ƙa'idojin da aka shimfiɗa don shafuka su zama masu amfanuwa ga masu larura, wato WCAG da ƙungiyar W3C ta fara fitarwa a 1999 ta kuma sabunta a 2008 da 2018 da 2023, da alamomin ARIA da ake saƙawa cikin shafi don a gaya wa mai karanta allo matsayin kowane abu, duk masu gina shafuka da cikakkiyar burauza suke gwada su. Wanda ya yi ƙoƙari ya gyara shafinsa don makafi, da NVDA ko JAWS ko VoiceOver ya auna aikinsa. Mai Lynx ba ya cin moriyar yawancin wannan wahalar da aka sha dominsa.

To me ya sa wasu suka ƙi sakin ta?

Saboda akwai aikin da har gobe ta fi kowa iyawa, wato karatu. Idan shafi rubutu ne tun asali, kamar maƙalar Wikipedia, ko littafin bayanin wata manhaja, ko tsohon kundin takardu, Lynx za ta buɗe shi kafin ƙiftawar ido, babu tagar da za ta faɗo maka tana neman izini, babu bidiyon da zai fara surutu a kan muryar mai karanta allo. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Ga mai ido, bidiyon da ya kunna kansa abin haushi ne kawai. Ga wanda kunnensa ne allonsa, daidai yake da a kashe masa fitila yana tsakiyar karatu, don sai ya lalubo maɓallin tsayarwa alhali ba ya jin muryar da za ta kai shi wurin.

Shafin kuma yana tsayawa cik. A cikakkiyar burauza, talla na iya sauyawa ko wani sashe ya sabunta kansa, sai ka ji an ɗauke ka daga sakin layin da kake an mayar da kai sama. A burauzar rubutu abin da ya sauka ya sauka ke nan. Mai karatu da Braille, wanda ke bin shafi harafi 40 bayan harafi 40, shi ya fi kowa sanin darajar wannan natsuwar.

Sai maganar nauyi. Tsohuwar kwamfutar da Chrome zai durƙusar da ita za ta ɗauki Lynx ba tare da ta ji komai ba, kuma datar da ake ci kaɗan ce tunda ba a sauko da hotuna. Masu kula da sabobi daga nesa, cikinsu har da makafi da dama da suka yi fice a wannan sana'a, dama can a baƙin allo suke wuni, don haka buɗe burauza a nan ya fi musu kusa. Batun bincike ma bai mutu gaba ɗaya ba, injin bincike na DuckDuckGo na da sassauƙan shafi da ke aiki ba tare da JavaScript ba.

Maganar manuni, wadda ita ce ke raba gardama

Idan mutum ya ce zai yi amfani da manhajar baƙin allo, tambayar da ta fi sunan manhajar muhimmanci ita ce: ina take ajiye manuni? Manuni shi ne ɗan layin nan mai ƙiftawa da ke nuna inda rubutu zai sauka. Mai karanta baƙin allo shi yake bi, inda ya je nan yake karantawa, kuma na'urar Braille ma nan take kai yatsun mai ita. Amma manhajoji da yawa ba da manuni suke nuna inda kake ba, da launi suke nunawa. Sai su haskaka layin da ka zaɓa, su tura manunin can kusurwar ƙasa don kada ya dami ido. Mai ido ya ga komai daidai. Makaho kuwa yana danna kibiya yana jin shiru, ko yana jin ana maimaita masa layin ƙasa, sai ya ɗauka manhajar ce ba ta karantuwa, alhali saiti ɗaya ne ya rage.

A Lynx saitin sunansa show_cursor, da zarar an kunna shi manunin zai riƙa zama a kan mahaɗin da kake. Saiti na biyu da bai kamata a bari ba shi ne na sa wa mahaɗai da guraben fom lamba. Kowane mahaɗi sai ya zo da lambarsa a gabansa, kana cikin sauraro ka ji lamba 27 ce ke kai wa ga abin da kake so, ka rubuta 27 ka danna, shi ke nan. ELinks da Links ma suna da irin wannan lambar.

Sai teburi. A nan abin da ya zama ado ga mai ido yakan zama cikas ga mai sauraro. w3m da Links suna alfahari da cewa suna jera shafi yadda yake, ginshiƙi kusa da ginshiƙi. To amma mai karanta baƙin allo layi yake bi daga hagu zuwa dama, don haka idan shafi ya kasu gida biyu, zai karanto rabin jimla daga ginshiƙin hagu ya haɗa da rabin wata jimlar daga na dama. Lynx, da yake takan zubo abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ta fi daɗin saurare. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa ta fi sauran karɓuwa a wurin masu aiki da murya, duk da ta fi su tsufa. Wanda ya fi son ELinks sai ya kashe mata jera teburi a saiti.

Waɗanda makafi suka ƙera da hannunsu

Akwai manhajoji biyu da suka fita daban, don tun daga tushe ba a gina su a kan tunanin allo ba.

Ta farko ita ce edbrowse, ta Karl Dahlke, wanda shi kansa makaho ne. Ita ba ta zana shafi ya cika allo. Layi-layi take aiki, irin tsohuwar manhajar gyara rubutu ta Unix mai suna ed. Ka ba ta umarni, ta ba ka amsa, ta yi shiru. Ka ce ta nuna layi na 30, ta nuna shi kaɗai. Mahaɗai tana sa su cikin wata irin baka, guraben fom cikin wata irin baka daban, don haka da ji ko da shafawa ka san abin da ke gabanka. Babu batun neman manuni, tunda duk sabon abu a ƙasa yake fitowa. Tana kuma sarrafa JavaScript gwargwadon iko, abin da Lynx ba ta yi, kuma tana karanta imel, tana gyara rubutu, ana iya rubuta mata jerin umarni ta riƙa maimaita aiki da kanta. Sai dai koyonta na son haƙuri, kuma manyan shafukan zamani sukan fi ƙarfinta.

Ta biyu ita ce Emacspeak, wadda T. V. Raman ya fitar a 1995. Tana zaune ne cikin Emacs, wata manhajar gyara rubutu, kuma da yake tana ganin tsarin rubutun daga ciki, takan sauya murya gwargwadon abin da take karantawa: kan magana da wata murya, mahaɗi da wata, ga gajerun sautuka da ke sanar da cewa an buɗe abu ko an rufe. Wato ta mayar wa kunne abin da launi da girman harafi ke yi wa ido. Wanda ya shiga wannan gida zai samu burauza da imel da wurin rubutu duk a ɗaki ɗaya, amma sai ya fara koyon Emacs tukuna, kuma wannan karatu ne na watanni.

Imel kuwa labarinsa daban

Kuskure ne a ɗauki hukuncin burauza a ɗora wa imel. Shafin intanet kowane kamfani yadda ya ga dama yake gina nasa, imel kuwa yana tafiya ne a kan ƙa'idojin da kowa ya yarda da su: IMAP ko POP3 don ɗauko saƙo, SMTP don aikawa. Duk manhajar da ta iya waɗannan za ta iya buɗe akwatinka a mafi yawan kamfanoni. Ga shi kuma saƙo asalinsa rubutu ne. Shi ya sa manhajojin imel na baƙin allo ba su tsufa yadda burauzojin suka tsufa ba, kuma zan iya cewa a nan suna gogayya da kowace manhaja kafaɗa da kafaɗa.

Biyu ne suka fi shahara. Alpine ita ce magajiyar Pine ta Jami'ar Washington, ta fito a 2007. Ta fi sauƙi ga sabon shiga, domin umarnin da za ka iya bayarwa a rubuce suke a layuka biyu na ƙasan allo, saitinta a cikinta ake yi, kuma tana zuwa da wurin rubuta saƙo nata na kanta. Tana da saitin nuna manuni, da na jera manyan fayilolin saƙo ɗaya ƙarƙashin ɗaya maimakon a baza su a faɗin allo.

Mutt, wadda Michael Elkins ya fara a 1995, da 'yar'uwarta NeoMutt, sun fi wuyar shiri tunda a fayil ake rubuta saitinsu da hannu, amma sun fi lanƙwasuwa. Akwai saitin braille_friendly da ke ajiye manuni a farkon layin da kake, da arrow_cursor da ke sa 'yar kibiya a gaban layin maimakon launi. Abin da ya fi burge ni shi ne damar sauya jerin bayanan kowane saƙo. A yadda ta zo, layin saƙo yakan fara da lamba da alamomi da kwanan wata kafin a kai ga sunan mai aikowa. Mai ido ba ruwansa, tsallakewa yake yi. Mai sauraro kuwa sai ya ji duk wannan a kan kowane saƙo, idan saƙo ɗari ne sau ɗari. Idan ya dawo da suna da kan saƙon gaba, da jin kalma biyu ya san ko na karantawa ne ko na sharewa. Haka kuma Mutt na da madannin da ke ɓoye tsofaffin maganganun da ake jawowa a ƙarƙashin amsa, waɗanda kan sa mutum ya saurari wasiƙa guda sau biyar.

A ɓangaren tagogi, Thunderbird da Outlook suna aiki da masu karanta allo, kuma su ne mafi yawan makafi ke amfani da su a kwamfuta idan ba shafin imel ɗin suka buɗe kai tsaye ba.

Ƙofar shiga ce ta ƙara tsauri

Inda manhajojin imel na rubutu ke shan wuya yanzu shi ne wurin shiga akwati. Da can suna da kalmar sirri sun wadatar. A watan Mayun 2022 Google ya daina karɓar wannan daga irin waɗannan manhajoji a asusun Gmail na gama-gari, Microsoft ma ya bi sahu a Outlook.com a watan Satumban 2024. Dalilinsu tsaro ne, kuma dalili ne na gaskiya, don kalmar sirrin da aka ajiye cikin manhaja tana iya faɗawa hannun ɓarawo.

Hanya biyu ta rage. A Gmail mutum na iya kunna tantancewa mai mataki biyu, sannan ya nemi a ba shi kalmar sirri ta musamman mai harafi 16 wadda manhajar kaɗai za ta riƙa amfani da ita. Ɗaya hanyar ita ce OAuth, inda za ka shiga shafin kamfanin ka ba manhajar izini, shi kuma ya ba ta wani mabuɗi da take sabuntawa da kanta. Alpine ta iya wannan a cikinta, Mutt kuma sai an haɗa mata da wata 'yar manhajar taimako. Amma ka lura, hanyoyin biyu duk sai an bi ta shafin da ke buƙatar JavaScript. Ma'ana ko wanda ya yi niyyar zama a baƙin allo ɗari bisa ɗari, sai ya nemi cikakkiyar burauza ko waya aƙalla sau ɗaya kafin imel ɗinsa ya tashi.

Saƙonnin da ke zuwa da ado

Yawancin saƙonnin kamfanoni, rasit ne ko sanarwa ko tikiti, a tsarin HTML suke zuwa, wato kamar ƙaramin shafin intanet. Alpine tana juya su zuwa rubutu da kanta. Mutt kuwa miƙa su take yi ga Lynx ko w3m su shimfiɗe su, sannan ta nuna sakamakon. A nan tsohuwar burauzar ta samu aikin da ya dace da ita sosai, domin saƙon imel ba ya dogara da JavaScript.

Akwai riba biyu a ciki. Ƙananan hotunan leƙen asiri da ake ɓoyewa cikin saƙo don a san ka buɗe shi ba sa saukowa. Sannan idan Lynx ta shimfiɗe saƙo, takan jero ainihin adireshin kowane mahaɗi a ƙasa, don haka saƙon damfara da ke cewa daga bankinka yake, adireshinsa na gaskiya zai fito fili ka ji shi harafi-harafi. Inda ba ta da magani shi ne saƙon da gaba ɗayansa hoto ne ba tare da an rubuta bayanin hoton ba. Wannan kam babu manhajar imel da za ta karanta shi, sai an bi ta manhajar da ke tsamo rubutu daga hoto.

Wa ya dace da me?

Wanda yau ya fara koyon kwamfuta, ko wanda ganinsa ya tafi da girma kuma dama ya saba da Windows, ban ga dalilin kai shi baƙin allo ba. NVDA da Firefox ko Chrome, da Thunderbird don imel, za su kai shi banki da makaranta da wurin aiki, kuma idan ya maƙale zai samu masu taimaka masa da yawa, tunda hanyar da jama'a suka fi bi ke nan. A ɗora masa Lynx ita kaɗai da sunan sauƙaƙawa, an yanke shi ne daga rabin intanet ba tare da an tambaye shi ba.

Wanda kuma yake zaune a Linux, ko yake karatu da Braille, ko kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, ko aikinsa karatu da rubutu ne tsagwaronsu, zai ji daɗin Lynx ko edbrowse don karatu, da Alpine ko Mutt don saƙonni, muddin ya bar Firefox da Orca a gefe saboda ranar da shafi zai ƙi buɗuwa. Da yawa daga ƙwararrun haka suke yi, suna tsallakawa tsakanin gidajen biyu sau da yawa a wuni.

Idan kai ne ke taimaka wa wani ya zaɓa, ka bar shi ya zauna a gaban madannan da kansa, ka kashe allon don kada idonka ya riƙa cike masa giɓi ba ka sani ba. Ya ɗauko ayyuka uku da yake yi a zahiri: ya karanta dogon labari har ƙarshe, ya shiga wani asusu nasa ya cike fom, ya amsa saƙo ya maƙala masa fayil. Kafin ya fara, a tabbatar an kunna saitin manuni, an sa wa mahaɗai lamba, an kuma shirya kalmar sirrin manhajar imel. Burauzar rubutu za ta haye aikin farko cikin sauƙi, manhajar imel ta rubutu za ta haye na uku, a na biyun ne zai gane ko zai iya zama da ita kaɗai ko sai ya haɗa da wata.